Surukina zai zo daga Kano, ina zan kai shi a Akra?

Baban Sadiya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Kawun maiɗakina zai zo daga Kano mako mai zuwa, zai sauka Talata da dare ya koma Asabar. Tsohon malamin zane ne, a sakandare ya yi ta koyarwa har ya yi ritaya. Ya ce da ni a waya kada in wahalar da kaina da bakin teku, wanda ya gani a Legas ya ishe shi. Abu biyu yake so, gidajen da ake baje kolin zane-zane da kuma kasuwanni. Kasuwa kam a cikinta na tashi. Amma gidan zane, wallahi shekarata 41 a garin nan ban taɓa sa ƙafa a ko ɗaya ba. Ku rufa mini asiri kada in ji kunya gaban suruki.

Maman Iman: Wa alaikumus salam. Mene ne abin wahala a nan? Ka kai shi Arts Centre da ke High Street, gefen makwancin Nkrumah. Kente, ganguna, tsakiya, kwandunan Bolga, jakunkunan fata, zane-zane, komai yana nan. Daga nan ku taka zuwa kasuwar Makola. Rana ɗaya kun gama.

Ɗan Sabon Zongo: Haba Maman Iman. Mutum ya ƙare rayuwarsa yana koyar da zane, sai a kai shi inda ake sayar wa baƙi hoton mace ɗauke da tulu, iri ɗaya sak a shago ashirin? Arts Centre kasuwar tsaraba ce. Tana da amfaninta, amma ba ita dattijon nan yake nufi ba.

Maman Iman: To malamin jami'a, sai ka faɗa mana.

Ɗan Sabon Zongo: Yaya Baban Sadiya, in wuri ɗaya tak za ka kai shi, Artists Alliance ne, a Omanye House da ke kan titin La. Duk turoturo, wato motar haya, da ta taso daga Tema Station za ta Teshie ko Nungua ta ƙofar gidan take wucewa. Hawa uku ne, kuma ba a biyan ko sisi a shiga. Farfesa Ablade Glover ne ya kafa shi, haifaffen Akra ne a 1934, ya daɗe yana koyarwa a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. Kofi Annan ne ya buɗe ginin a 2008.

Abin da ya sa na ce can, aikin shi Glover ɗin ne. Mafi yawan zanensa kasuwa ce da tashar mota da taron jama'a. Ba ya shafa fenti da buroshi, da 'yar wuƙa mai faɗi yake ɗebowa yana dangwalawa, kamar magini da cokalin siminti. Ranar da na fara gani na matsa dab da shi, ban ga komai ba sai tudun fenti, ja da ruwan goro da fari, har na ce a raina yaro ma zai yi wannan. Sai wani ma'aikacin gidan ya ce in ja da baya taku biyar. Ina ja sai ga kasuwa ta fito, ga rumfuna, ga laima, ga mata da tire a ka, har ka rantse kana jin hayaniya. Na sake matsawa, ta ɓace. Sau uku ina yi kamar taɓaɓɓe.

Ban da nasa akwai ayyukan wasu masu zane da yawa, da tsofaffin kente, da tutocin asafo, wato ƙungiyoyin mayaƙan gargajiya na Fante. Ta tagogin baya kuma ana hango teku, ko da kawu ya ce ba ya so.

Baban Sadiya: Kyauta ka ce? Ni fa duk zatona irin wuraren nan sai da katin gayyata.

Ɗan Sabon Zongo: Kyauta. Su ciniki suke nema, zanen na sayarwa ne, amma ba wanda zai kama ka don ka kalla ka fita. Haka Gallery 1957 da ke cikin otal ɗin Kempinski. Marwan Zakhem ya buɗe shi ranar 6 ga Maris 2016, sunan kuma daga shekarar samun 'yancin kai aka ɗauko. Ƙofar otal ɗin ce kawai take tsorata mutane.

Hajiya Mai Waake: Ai dole ta tsorata mu. Ni na taɓa raka 'yata wani irin gidan nan, ba zan faɗi suna ba, makarantarsu ce ta ba su aikin gida. Na sha mayafina da silifas. Mai gadin ya dube ni sama da ƙasa ya ce ƙofar masu kawo abinci tana baya. Ban ce masa komai ba, yarinyar ce ta yi masa Turanci sannan ya kauce. Muka shiga, me zan gani a bango? Jarkar mai! Irin ruwan ɗorawar nan da muke ɗiban ruwa. An yayyanka an ɗinke. Na ce da yarinya tashi mu tafi, ina da shida a bayan ɗaki.

Anti Nas: Hajiya kin kashe ni da dariya. Amma aikin Serge Attukwei Clottey kika gani ko na wani mai binsa. Ɗan La ne. Jarkokin nan da ake kira galan ɗin Kufuor, tsohon shugaban ƙasa, saboda ƙarancin ruwan da aka sha a zamaninsa, su yake yankawa ƙanana-ƙanana ya huda ya haɗa da wayar tagulla, har su zama kamar ƙaton zani. Man girki ne yake zuwa a cikinsu, mu mayar da su na ruwa, in sun fashe su toshe kwata su gangara teku. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo a Nima da asuba ya fi kowane Bature sanin abin da jarkar nan take faɗa. Da nunin aikinsa aka buɗe Gallery 1957 ɗin ma.

Hajiya Mai Waake: To in na fi Bature sani, me ya sa shi ake buɗe wa ƙofa?

Anti Nas: Wannan kuma gaskiyarki ce Hajiya, ba ni da amsa.

Alhaji na Tudu: Salamu alaikum. Na karanta duka. Ni tsoho ne, bari in yi maganar kasuwa, wadda na sani.

Baban Sadiya, baƙonka ya yi sa'a, zai kwana ya tashi Laraba. Laraba ce ranar kasuwar Nima, wadda iyayenmu ke kira Kasuwan Mamudu. Kada ka kai shi ko'ina ranar sai can, kuma ku fita bayan an sha koko, kafin rana ta yi. Motocin arewa sun sauke gero da dawa da wake, ga daddawa, ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga man kaɗe, ga zabbi a keji. Layin masu kayan yaji kaɗai ya isa kallo: citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono an tsiba shi kamar dutsen Dala. Zai ji Hausa ta ko'ina, amma ba irin tasa ba, zai ji an ce da mace "ya zo" ya yi ta mamaki. Ka gaya masa a nan ba a auna da tiya, da olonka ake yi.

Makola kuma ku bar ta sai Alhamis. An gina ta a 1924. Mu da muka ga 1979 ba za mu manta ba, a watan Agusta sojoji suka rushe Makola ta ɗaya, wai matan kasuwa ne ke ɓoye kaya suna kalabule, wato tsawwala farashi. Filin da ake kira Rawlings Park yanzu, nan ce kasuwar take. Na ga mata manya, masu dukiya, zaune a bakin titi sun ɗora hannu a ka. Kaya bai yi araha ba bayan nan, kasuwa kuma ba ta mutu ba, sai ma ta watsu ta cinye titunan da ke kewaye. Shi ya sa yau ba za ka iya nuna inda Makola ta fara da inda ta ƙare ba. In kun je ku nemi layin masu atamfa, malamin zane zai tsaya a nan ya daɗe, don kowace atamfa da sunanta da abin da take nufi, kuma matan sun haddace.

Mu dai Ankara muka taso muka ji ana kiran garin nan, yanzu in ka faɗa sai yara su ce ta Turkiyya.

Baban Sadiya: Allah ya ƙara girma Baba Alhaji. Laraba Nima, na rubuta.

Maman Iman: Baba Alhaji ya gama magana. Amma ina nan kan bakata game da Arts Centre. Ɗan Sabon Zongo, ka taɓa wuce layin gaba kuwa? Ka shiga can ciki ta wajen teku ka ga masu fafe ganga suna ɗaure fata. Ka ga dukawa, yawancinsu namu ne, da Hausa za ku yi ciniki. Buzaye na nan da azurfa da akwatunan fata. Mutumin Kano da ya san Kurmi zai so ya gwada jimar nan da ta gida. Wannan ba fasaha ba ce sai an rataya a farin bango an kunna masa fitila?

Ɗan Sabon Zongo: Ban ce ba fasaha ba ce Anti. Na ce abin da aka yi don baƙo ya saya cikin minti biyar daban yake da abin da mutum ya yi wata uku yana tunani a kai.

Maman Iman: Badukun da ya yi shekara talatin yana yanka fata shi ba ya tunani?

Ɗan Sabon Zongo: Na janye. A kai shi duka biyun, shi ya yanke hukunci, ai fanninsa ne.

Direban Circle: In za ku shiga wajen tsaraba ku bar kawu ya yi shiru tukuna. Da sun ji Hausar Kano kuɗi ya ninka. Ni an taɓa yi mini a wani shago da na kai baƙo ɗan Sakkwato, aka ce abin rufe fuska na katako ya shekara ɗari, daga fadar wani sarki aka fito da shi. Sidi 900. Muna juyawa bayan shagon sai ga yaro zaune yana goga wa sababbi toka da man takalmi. Ka taya kashi ɗaya cikin uku, in ya ce albarka ka yi kamar za ka tafi.

Ustaz Fadama: Assalamu alaikum. Ina jan hankali kaɗan. Yawancin wuraren nan cike suke da gumaka da sassaƙen mutane. Baƙon dattijo ne Musulmi. A yi hattara da inda za a kai shi, da abin da za a saya a shigar gida.

Anti Nas: Ustaz, mutumin da kansa ya nema, kuma ya san abin da ke cikin gidan zane fiye da mu. Sannan ba duk fasaha ce sura ba. Ga saƙa, ga rini, ga zayyana. Nubuke Foundation da ke East Legon suna da reshe a wajen Wa inda suke aiki da masaƙa, kuma sukan kawo saƙar a nuna a nan. Shi kansa masallacin ƙasa na Kanda, da aka buɗe a 2021 bisa tsarin ginin Usmaniyya, ka ɗaga kai ka dubi rubutun da ke cikin ƙubba ka ce ba gwanin zane ne ya yi ba.

Ustaz Fadama: Rubutu da zayyana ba wanda ya yi magana a kansu. Kallo don ilimi ma malamai sun yi bayani. Ajiye mutum-mutumi a falo nake nufi. Na dai faɗi nawa. Juma'a kuma lallai a kai shi Kanda, wannan na goyi baya.

Baban Sadiya: Na gode Ustaz. Ko kuɗin sayen gunki ma ba mu da shi.

Direban Circle: To ni ga tambaya, a kai shi Teshie wajen masu akwatin gawa ko kuwa?

Hajiya Mai Waake: A'uzu billahi. Baƙo ya zo gidanka ka kai shi kallon akwatin gawa? Fata kake yi masa?

Direban Circle: Hajiya ai ba a cikinsa za a sa shi ba. Abin kallo ne da babu irinsa. Masunci a yi masa kifi, direba a yi masa mota, manomin koko a yi masa ƙwallon koko, duk da katako, a yi fenti yana ƙyalli. Kane Kwei ne ya shahara da shi tun shekarun 1950, ya rasu a 1992, zuriyarsa na ci gaba da aikin. Paa Joe a wajensa ya koya, yanzu ayyukansa suna gidajen tarihi a Turai. Mu likkafani da makara sun ishe mu, amma al'adar Ga ce, su ne masu garin.

Alhaji na Tudu: A tambaye shi. In ya ce to, a je. In ya yi shiru, a gane.

Ɗan Sabon Zongo: Akwai ƙanana a Omanye House ma, sai ka ga yadda fuskarsa ta yi kafin ka ƙona mai zuwa Teshie.

Ina so in koma kan maganar Hajiya, don ta tsaya mini a rai. Ta ce jarkarta ce a bango. To ba jarka kaɗai ba. Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, an haife shi a 1987, da buhunan gawayi ya yi suna. Buhun algarara ne da ake saƙawa a Indiya da Bangaladash, a kawo a zuba koko, in ya gama wannan aiki ya koma na masara, daga ƙarshe ya faɗa hannun masu gawayi. Yana karɓar tsofaffin a hannun 'yan kasuwa, masu faci da baƙin gawayi da sunayen masu kaya a jiki, a ɗinke su wuri ɗaya. A 2016 da su ya lulluɓe ginin National Theatre. A 2024 ya lulluɓe wani ɓangare na Barbican a Landan da zanin da aka saƙa a Tamale, aka ɗinka tsofaffin batakari a kai. El Anatsui kuma da murafun kwalba yake nasa. Wato kayan kasuwarmu ne, gumin kayayo, wato mata masu ɗaukar kaya a ka, da sauran masu dako ne a jiki, suke zagaya duniya, mu kuma da muka fi kusa da su ba ma zuwa gani. Mai gadi yana da laifi. Amma mu ma mun sa wa ranmu cewa wurin ba namu ba ne.

Hajiya Mai Waake: Su kayayon nawa suke samu a ciki?

Anti Nas: Shi Mahama dai ya koma gida da abin da ya samu, ya gina wuraren fasaha a Tamale, na farko a 2019, yara na shiga kyauta, har tsofaffin jiragen sama ya saya ya mayar ajujuwa. Amoako Boafo, ɗan Osu da yake zana fuska da yatsunsa, an sayar da zanensa ɗaya sama da dala miliyan 3 a Hong Kong a 2021, shi ma ya buɗe wurin horar da masu zane a Osu. Amma kuɗin irin wannan gwanjo yawanci aljihun wanda ya saya da araha ya sake sayarwa yake shiga.

Hajiya Mai Waake: Ashe su ma akwai 'yan baranda.

Yaron Nima: Kowa na maganar Osu da East Legon. Mu fa? Moh Awudu ɗan Nima ne, ku dubi zanen bango da ke gadar Ako Adjei. Akwai ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art, sunan ma da Hausa, sun yi zane a bangayen unguwa suna koya wa yara. Yaya Baban Sadiya, ranar Laraba in kun fito kasuwa ka kira ni in zagaya da ku lungu. Ba turoturo, ba mai gadi.

Maman Iman: Ban da Kantamanto fa? Ba wanda ya ambata.

Direban Circle: Mutumin da ya baro Kofar Wambai me zai gani a gwanjo?

Maman Iman: Zai ga girma. Tana cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya, obroni wawu, wato tufafin gwanjo na ƙasashen waje, dila-dila kowane mako. Gobarar 2 ga Janairu 2025 ta cinye mafi yawanta, 'yan kasuwa suka sake kafa rumfuna da kansu. Kuma ka ga teloli a ciki suna farke riguna biyu su fitar da sabuwa ɗaya. Amma gaskiya da tsoho, ga zafi ga matsi, a leƙa baki-baki kawai daga Makola.

Alhaji na Tudu: Kun cika wa bawan Allah kwana uku da aikin wata guda. Gidan tarihi na ƙasa da ke Barnes Road ma ba ku sa ba, wanda aka buɗe ana jajiberin 'yancin kai a 1957, aka gyara aka sake buɗewa a 2022. Shi ana biya, amma ba yawa. Ku zaɓi kaɗan. Tsoho yana son inda zai zauna, da inda zai yi alwala.

Baban Sadiya: Jama'a na dawo da rahoto, kawu ya tashi ɗazu. Allah ya saka wa kowa.

Laraba mun yi Nima, Yaron Nima ya zagaya da mu har azahar. Kawu ya sayi olonka biyu na citta, ya kuma sayi ita gwangwanin olonkar, wai zai nuna a gida. Alhamis Makola da Arts Centre. Maman Iman, ya zauna a benci wajen wani baduku kusan awa ɗaya, ashe kakan mutumin daga Kano ya zo, suka yi ta lissafin unguwanni. Ya ce ɗinkin yana da kyau amma jimar ba ta kai ta gida laushi ba, badukun ya ce gaskiya ne. Teshie kuwa da na ambata sai ya yi shiru, na gane.

Juma'a bayan mun sauko daga Kanda muka tafi Omanye House. Ɗan Sabon Zongo, ban gaya masa maganar taku biyar ba, shi da kansa ya ja da baya, ya matsa, ya cire tabarau ya mayar. Ya daɗe gaban wani ja mai yawan laima, sannan ya ce wannan Kantin Kwari ce ana gobe salla. Na ce kawu Makola ce. Ya ce kai dai ka ce. Ya tambayi kuɗin, aka faɗa masa, ya ce a gaishe da Farfesa.

Ni kuma na ga wani ƙarami na tashar mota da ya yi kama da Circle kafin a yi gada. Zan koma da Sadiya ranar Asabar.

Hajiya Mai Waake: In za ku je ku biyo ta nan ku ɗauke ni. Da silifas ɗina zan je.

Direban Circle: Ni zan kai ku, amma a biya kuɗin mai. Ƙarfe nawa?